Ranar da Mamma Ta Miƙe a Goshin Jirgi

A cikin jirgi aka haife ni, tsakanin tsibiri da tsibiri, ranar da iska ta ɗauke aka rasa yadda za a kai Mamma wurin ungozoma. Ƙaramin jirgin ruwa ne na itacen kwakwa, irin wanda ake kira batteli, mai jigo biyu na ɗaura zane da rumfar ganye a tsakiya, kuma shi ne gidan iyayena shekara talatin da huɗu. Babana Huttu maƙeri ne, amma bai taɓa mallakar maƙera a tudu ba. Zugazuginsa da uwar maƙerarsa suna cikin jirgi. Duk tsibirin da suka tsaya, sai ya sauke su a inuwa, mutane su yi ta kawo wuƙaƙe da ƙugiyoyin kamun kifi da bakin magogin kwakwa. In aiki ya ƙare su ɗaga zanen jirgi, iska ta tura su su ƙara gaba. Mamma, sunanta Daleka, ita ke girki, ita ke ɗinke zanen jirgi, ita ke jan igiya.

Ni na sauka tudu da na yi aure a Miyafuri, inda nake koyar da yara. Mijina Gasim shi ya fara sa inji a jirgin kamun kifi a tsibirinmu, kuma mutum ne mai son iyayena tsakani da Allah. Wannan son ne ya ta da maganar.

Zuwansu na ƙarshe, Gasim ya ga Baba ya zuba shayi a gefen kofi, ya kuma gan shi ya yi wa turken rijiya sallama. Sai da suka tafi ya hau gina ɗaki da dutsen murjani a bayan namu, ya yi masa taga mai kallon teku, sannan ya kai maganar idon Baba wurin katibu, mai riƙe da tsibirinmu. Kowane farkon iskar gabas, katibu ne ke sa hannu a takardar da ke ba jirgi izinin ƙetarawa zuwa wasu tsibirai. In babu takardar, sai dai a janye jirgi kan yashi, rana ta ci shi.

Katibu ya aiko na je. Ya ce, "Sanfa, ba na raba mutum da jirginsa a kan ji-ta-ji-ta. Ke malama ce, kin san yadda ake gane yaron da bai iya karatu ba amma ya haddace allon. Iyayenki suna tsibirin Rasgeli yanzu. Ki je ki biyo su zuwa gida, ki buɗe ido. Abin da kika gani, shi zan yi aiki da shi."

Da aka yi hutun makaranta na bi wani jirgin kaya zuwa Rasgeli.

Na same su da hantsi. Mamma na shanya kifi a kan rumfa, Baba na zaune a bayan jirgi yana murza igiya a cinyarsa. Na yi sallama daga bakin ruwa. Ya ɗago kai, ya dubi wajen da muryata ta fito, ya ɗan kauce kaɗan daga inda nake tsaye.

"A'a! Malama da kanta? Maman Sanfa, ɓoye takardunki, an zo duba ɗalibai."

"Baba, kewarku ce ta kawo ni."

"Kewa ce ta sa mijinki gina ɗaki? Labari ya riga ki zuwa. An ce har da taga, don tsoho ya riƙa leƙen teku kamar kaza a akurki."

Mamma ta ce, "Kai dai bar yarinya ta hau jirgi tukuna. Hawo, Sanfa, kula da katakon nan, yana motsi."

Washegari muka tashi. Kwana uku ne daga Rasgeli zuwa gida in ana tsayawa, kuma su kullum tsayawa suke yi.

A buɗaɗɗen teku ban ga abin da zan kai wa katibu ba. Baba na tsaye a bayan jirgi, ƙafarsa ta dama a kan sandar tuƙi, igiyar zane a hannunsa, kamar yadda na san shi tun ina rarrafe. Kafin iska ta juya ya riga ya ji ta a ƙeyarsa. Wajen azahar ya ce mini, "Kin ji yadda ruwa ya fara dukan jirgi ta gefe? Mun fita daga inuwar Rasgeli ke nan." Na waiga, haka ne. Can kuma ya shaƙi iska ya ce akwai masu dafa kifi a gabanmu, kuma ba a jima ba kawunan bishiyoyin kwakwa suka ɓullo.

Amma buɗaɗɗen teku ba shi ne jarrabawar matuƙi ba. Jarrabawar tana ƙofar tsibiri, inda duwatsun murjani suka kewaye wuri suka bar 'yar hanya. A nan ruwa ake karantawa da ido. Shuɗi mai duhu zurfi ne, a wuce. Kore mai haske yashi ne. Inda ya yi ja-ja kamar shayi, dutse ne kwance yana jiran cikin jirgi. Kuma a wurinmu mai jirgi shi ke karanta ruwansa. Matuƙin da aka ji ana nuna masa hanya, yara ma sai su sa shi a waƙa.

Na zauna kusa da jigo ina kallonsa. Muna doso ƙofar tsibirin farko, sai Mamma ta ɗauko kujerar magogi da kwano da kwakwa biyu, ta wuce goshin jirgi ta zauna.

Na ce, "Mamma, ai akwai gogaggiyar kwakwa a kwano tun safe."

"Ba ta isa ba."

Baba ya kare ido da tafin hannu, ya miƙa wuya, yana duban ruwa kamar mai gani har ƙasa. Jirgi ya shiga. Ya kauce wa dutse na farko da kyau, ya bi ta bayan na biyu, ya ratsa tsakanin wasu biyu da ko ni sai da na ɗauke numfashi. Muka jefa anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi, a farin yashi. Na ji kunya ta kama ni, na ce a raina Gasim ya yi wa tsoho sharri.

Da yamma muka ci mashuni, wato kwakwa da busasshen kifi da albasa da barkono, da gurasa mai zafi. Da safe ma shi muka ci.

Rana ta biyu muka tsaya a tsibirai biyu. A na farko Mamma ta sake ɗauko magogi. A na biyu ma haka, alhali kwano cike yake har kwakwa ta fara tsami. Wannan karon na daina kallon Baba, na koma kallonta. Hannunta na kan magogi, amma idonta na kan ruwa. Muddin hanya a miƙe take, sautin gugar bai yankewa: ƙurr, ƙurr, ƙurr. Da dutse ya ɓullo a gaba sai ta tsaya, ta buga ƙoƙon kwakwar a katakon jirgi ta dama, kamar mai kakkaɓe abin da ya maƙale. Ƙafar Baba ta motsa, jirgi ya karkata dama. Ta ci gaba da guga, ya miƙe. Can ta buga ta hagu sau biyu da sauri, ya karya hagu sosai.

Na ci gaba da kallonta har muka jefa anka.

Baba ya sauka da kayan aiki, mutanen tsibirin suka kewaye shi a gindin wata bishiya. Daga jirgi ina jin bugun gudumarsa. Wuta yana ganinta, ƙarfe kuwa yatsunsa sun san shi. Na juya wurin Mamma tana wanke tukunya.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Mamma, ni fa a jirgin nan na girma. Ban taɓa ganin an ci mashuni sau uku a rana ba."

Ta ci gaba da cuɗa tukunyar har ta yi ƙyalli, sannan ta kife ta.

"Shekara biyu da wani abu. Wata rana muna shiga wani tsibiri na ga ya nufi dutse kai tsaye, yana ta kare ido da hannu. Kwakwa ce a hannuna. Bakina ya ƙi buɗuwa, ga mutane a bakin ruwa suna kallo. Sai na buga ƙoƙon a katako. Ya juya."

"Me ya ce daga baya?"

"Ya ce abincin ya yi daɗi."

"Shi ke nan? Ba ku taɓa yin maganar ba?"

"Maganar me za mu yi? Ni ina gugar kwakwa, shi yana tuƙa jirginsa."

Na ce mata katibu ne ya aiko ni, kuma in na koma sai na faɗi abin da na gani. Ta ce ta sani. Na ce ɗakin da Gasim ya gina yana da kyau, akwai rijiya kusa, ga jikoki. Na ce wata rana ƙoƙon zai makara.

Ta dube ni, ba da fushi ba. "Sanfa, kin tuna shekarar da muka yi wata uku a tudu ana gyaran cikin jirgi? Kina da shekara tara. Kin tuna yadda ubanki ya koma?"

Na tuna. Ya daina raha, ya daina cin abinci, yana zagaya jirgin a kan yashi kamar mai jinyar ɗan'uwa.

"To ba shi kaɗai ba ne," in ji ta. "Ni ma ban iya barci in ƙasa ba ta motsi. Ku duk kuna cewa jirgin Huttu, jirgin Huttu. Wa ya ɗinka zanen nan sau bakwai? In kun sauke shi, ni ma kun sauke ni, kuma ba wanda ya tambaye ni."

Gaskiya ne, ban tambaye ta ba. Na ɗauki ragowar kwanonin na wanke.

Rana ta uku muka doshi gida. Ƙofar Miyafuri ta gabas take, kuma duk yankinmu ba mai wuyarta. Tana da ƙunci, ruwa na gudu a cikinta, sannan a tsakiya akwai wani babban dutse da muke kira Turmi, wanda dole a zagaye shi ta hagu a kuma dawo dama nan take. Ana shigarta ne da hantsi, lokacin da rana ta ɗaga tana bayan mai shiga. Baba ya rage zane tun daga nesa yana jan lokaci, har ya ji zafin rana ya sauka daidai kafaɗarsa.

"Yanzu," ya ce. "Maman Sanfa, yau me za mu ci?"

"Mashuni."

"Madalla. Na yi kewarsa."

Ta ɗauki magoginta ta wuce gaba. Daga nan muna hango bakin ruwa, mutane sun taru, har da farar rigar katibu. Duk tsibirin ya san abin da ake jira.

Sai muka ji ƙarar inji. Jirgin Gasim ne ya fito ta ƙofar yana tuttuɗa baƙin hayaƙi, da mutanensa huɗu. Ya zagayo ya jera da mu, yana riƙe da nadin igiya.

"Baba, sannu da hanya! Ga igiya, ku ɗaure, in ja ku ciki!"

"Sannu, ɗana! Ajiye igiyarka ka ɗaure akuya."

"Baba, ruwa na gudu yau!"

"Tun kafin a haife ka yake gudu. Matsa ka ba ni iska, hayaƙinka na ɓata mini zane."

Gasim bai matsa ba. Na san tunaninsa: in abu ya faru, yana kusa. Ya rage gudu ya bi gefenmu, injin na ta bugawa, tuf, tuf, tuf, har katakon da nake zaune a kai yana rawa. A haka muka shiga bakin ƙofar, ruwa ya kama jirgi ya fara tura shi. Daga nan ba komawa baya.

Dutse na farko ya wuce lafiya, don wannan Baba ya haddace shi. Sai Turmi ya taso a gabanmu, ja-ja, faffaɗa, ruwa na murɗawa a kansa. Mamma ta daina guga ta buga ƙoƙo ta hagu. Ƙafar Baba ba ta motsa ba. Ta sake bugawa sau biyu. Ya karkata kai yana neman sautin, hannunsa har yanzu a goshi yana kare ido, amma ba abin da ke isa kunnensa sai bugun injin. Ta ɗaga ƙoƙon ta maka da ƙarfi, ya tarwatse a hannunta.

Na miƙe na daka wa Gasim tsawa irin wadda ban taɓa yi wa ɗalibi ba. "Kashe shi! Kashe injin!"

Mamma kuwa ta ture magogi da ƙafa, kwano ya kife, ta taka katako ta hau can ƙarshen goshin jirgi, inda ban taɓa ganin mace ta tsaya ba. Ta rungumi lanƙwasasshen itacen goshin da hannu ɗaya, ta cika ƙirjinta da iska. Daidai lokacin injin ya mutu. Ita kuwa ta riga ta ɗauko muryar da za ta rinjayi inji, sai muryar ta fita a cikin shirun nan ta ratsa ruwa har bakin yashi.

"Hagu, Baban Sanfa! Hagu, duka!"

Baba ya sauke hannunsa daga goshi. Ya danna sandar da ƙafa har ƙarshe, ya saki igiyar zane ta zame. Jirgi ya kwanta ya juya. Na leƙa na ga Turmi yana wucewa ta damanmu, kusa har ina iya ƙirga ƙananan kifayen da ke kansa.

"Riƙe haka! Riƙe! Yanzu dama, kaɗan. Kaɗan na ce, ba duka ba!"

"To ki faɗi nawa ne kaɗan ɗin!"

"Rabin wannan! Yawwa. Sanfa, ja igiyar gaba, kin tsaya kina kallo kamar baƙuwa!"

Na ja. Tafin hannuna ya yi laushi da riƙon alli, igiyar ta ƙone ni, amma na ja. Zane ya sake cika.

"Miƙe. Miƙe. Akwai ƙarami a hagu, bar shi, ba ruwanka da shi. Miƙe!"

Baba ya rufe idonsa gaba ɗaya. Na gani da idona. Yana tsaye a miƙe, fuskarsa a sake, ƙafarsa na amsa kowace kalma tun kafin ta gama fita, kuma jirgin bai taɓa tafiya da kyau haka ba a kwana ukun nan. Shuɗi ya koma kore, kore ya koma fari, gudun ruwa ya sake mu. Muka shiga kwantaccen ruwan cikin tsibiri da cikakken zane.

"Anka, Malama," in ji Baba. Na jefa.

Muka waiga. Jirgin Gasim, da ba inji ba zane, ruwa ya tura shi a hankali ya ɗora shi a kan tudun yashin da ke gefen ƙofar. Mutanensa sun diro ruwa iya ƙugu suna turawa. Ba wanda ya ji ciwo.

"Me ya faru can?" in ji Baba.

Mamma ta ce, "Surukinka ya sauka kiwo."

Ya yi dariya har ya dafa jigo. Sannan ya juya fuskarsa wajenta.

"Ashe kina da murya haka, kika bar ni shekara biyu ina sauraron ƙoƙo?"

"Ashe kana da baki, ka bar ni shekara biyu ina gugar kwakwa? Dubi hannuna."

Ta miƙa masa hannun. Ya laluba ya kama, ya shafa wurin da ƙoƙon ya yanke ta.

Da muka sauka, bakin ruwa ya yi tsit, irin shirun mutanen da suka ji abin da bai kamata su ji ba. Yusube ne ya fasa shi, wani tsohon masunci abokin Baba tun suna samari, wanda ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Huttu! Mun ji ana kora ka kamar saniya. Hagu, dama! Sai igiyar hanci ta rage."

"Yusube, ko kai ne? Matso in ji warin kifi in tabbatar. Kai da idonka biyu garau, sau nawa ka kwana a kan Turmi?"

Wani daga baya ya ce, "Sau biyu!" Wata mata ta ce, "Uku, har da na ranar Idi!" Aka fashe da dariya, Yusube na rantsuwa cewa na ukun laifin ƙaninsa ne.

Katibu ya jira dariyar ta lafa. Ya gaisa da iyayena, sannan ya juyo wurina, a gaban kowa.

"Sanfa, me kika gani?"

Baba na tsaye kusa da ni, ina jin numfashinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, babana ba ya ganin ruwa. Ba ya bambanta zurfi da dutse, kuma ya kai shekara biyu a haka." Wasu suka sunkuyar da kai. "A shekara biyun nan sun shiga ƙofofin da ban san adadinsu ba, ko fenti bai kankare ba. Je ka duba cikin jirgin. Mamma ce ke karanta ruwa. Shi kuma abin da ƙafarsa ta sani, ban ga mai ido da ya san shi ba. Ɗaya ba zai iya ba sai da ɗayan. Su biyun kuwa, yanzu kuka gani."

Katibu ya zaro takardar daga aljihu ya warware ta. "Matsalar ita ce, nan wurin sunan mutum ɗaya ne. Mai jirgi, wanda ke karanta masa ruwa. Ba zan rubuta abin da na san ba haka ba ne."

"To rubuta abin da yake haka ne," in ji Baba. "Rubuta Daleka."

Mamma ta juyo da sauri. "Baban Sanfa!"

"Ke kika hau goshi, ni na aike ki? Duk tsibiri ya ji. Ranka ya daɗe, rubuta sunanta. Ni a sa ni cikin ma'aikata."

Katibu ya shafa gemu. "Shekara ashirin ina sa hannu a takardun nan, ban taɓa rubuta sunan mace ba."

"An hana ne?" na tambaya.

Ya duba gaban takardar, ya juya bayanta, ya karanta har ƙananan layukan ƙasa. Ya ɗauki lokaci, don shi mutum ne da ba ya gaggawa.

"Ba a hana ba."

Yusube ya ce, "Rubuta mana. Wallahi na ga shigar nan, ko ni ba zan yi ta fi haka ba."

"Kai da ka yi ta, da yanzu muna tsintar katako," in ji Baba.

Katibu ya nemi a ba shi baya. Gasim ne ya iso daidai lokacin, jiƙe sharkaf har wuya, ya duƙa ba tare da ya san me ake ciki ba, aka ɗora takardar a bayansa. Katibu ya rubuta sunan Mamma a hankali, harafi bayan harafi, ya sa hannu, ya hura tawadar ta bushe. Ya miƙa mata da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa kowane mai jirgi.

Matan da ke wurin suka ɗauki guɗa. Mamma ta riƙe takardar nesa da jikinta don kada rigarta ta jiƙa ta, ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta ce da ni, "Je ki kwashe kwakwar nan da ta zube kafin tururuwa su hau jirgi."

Gasim ya miƙe, aka ba shi labari. Ya je gaban Baba ya sunkuya. "Baba, ku yafe ni. Saura kaɗan in jawo abin da nake gudu."

"Ka yi mini gata, ɗana. Ba don injinka ba, da har in mutu ina cin mashuni." Ya dafa kafaɗarsa. "An ce ɗakin yana da taga?"

"Yana da ita."

"To in iskar yamma ta yi tsanani za mu zo mu yi mako biyu mu leƙa. Mako biyu fa, kada ka sa rai."

A wannan zuwan kwana goma sha biyu suka yi, Baba ya gyara duk wuƙaƙen tsibirin, ya ƙera wa Gasim wani ƙarfe da ya karye a injinsa. Ni kuma na ɗinka wa Mamma jakar leda ta saka takardar.

Ranar tafiyarsu an riga an koma makaranta, na fito da yaran ajina bakin ruwa bayan azahar, don in ana fita rana tana gaban mutum, sai an jira ta wuce tsaka, kuma ina so su ga yadda ake yi. Mamma na tsaye a goshi tun kafin a ɗaga anka, ta ɗaure gyalenta tamau. Magogin yana can ƙarƙashin rumfa tare da tukwane. Zane ya hau, jirgi ya juya ya fuskanci ƙofar, muna jin su har suka kai Turmi.

"Dama kaɗan."

"Kaɗan naki ko kaɗan nawa?"

"Nawa!"

Jirgin ya zagaye dutsen ya fita shuɗin ruwa, ya karkata kudu.